Ƙamusun da ke kulle a cikin wayoyinmu

A wayoyin mutanen Haɗeja akwai ƙamusoshi da yawa waɗanda ba a taɓa karanta ko kalma ɗaya a cikinsu ba. Wani ta WhatsApp aka turo shi, wani da Xender aka kwaso shi daga wayar aboki, wani kuma a cikin memori aka saye shi wajen masu turi, cuɗe da karatun malamai da fina-finai. Sunansa ya ce ƙamus ne, na Hausa ko na Larabci ko na Turanci, nauyinsa kuma ya nuna lallai akwai kaya a ciki. Amma da an danna shi sai waya ta ce ba ta da manhajar da za ta buɗe shi. Daga nan mai waya ya yi ɗayan biyu: ko ya goge shi don ya samu fili, ko ya hau sauke duk wata manhaja da ta yi masa alkawarin buɗe kowane irin fayil. Na farko ya zubar da ilimi, na biyu kuwa ya gayyato ɓarayin intanet cikin wayar da kuɗinsa ke bi ta cikinta.

Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare a nan garin, kuma da yake an san ni da son ƙamus, irin waɗannan wayoyi sukan biyo ni har gida. Abin da na fahimta a kansu shi nake so in faɗa. Mai wayar ba shi da laifi. Akwati aka ba shi ba a haɗa masa da mabuɗi ba. Hakkin haɗa su yana wuyan wanda ya shirya ƙamusun da wanda ya raba shi, kuma mu Hausawa, da jami'o'inmu da cibiyoyinmu, har yanzu ba mu ɗauki wannan hakki yadda ya kamata ba.

Bari in fara da abin da zai amfani mai waya tun yau. Ƙamus na waya abu biyu ne a rabe: kalmomi da ma'anoninsu suna cikin fayil, manhaja kuma ita ke karanto su ta nuna a fuskar waya. Kowane kamfani ya tsara nasa fayil yadda ya ga dama, shi ya sa manhajar wani ba ta gane fayil ɗin wani. Alamar farko da ake dubawa ita ce wutsiyar suna, wato haruffa uku ko huɗu da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil. Wasu wayoyin suna ɓoye ta, sai an shiga ma'ajiyar fayiloli an nemi cikakken bayani.

In wutsiyar .mdx ce, ƙamusun na MDict ne, manhajar da ta fito daga ƙasar Sin, kuma in yana da ɗan rakiya mai .mdd, to hotuna da muryoyin furuci ne a cikinsa. In aka ga fayil uku masu suna ɗaya, .ifo da .idx da .dict ko .dict.dz, wannan tsarin StarDict ne, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Mai turawa yakan zaɓi mafi nauyi a cikin ukun ya tura, ya bar ƙananan biyun yana zaton tarkace ne, alhali ɗaya shi ne jerin kalmomin da wurin da kowace take, ɗayan kuma shi ke ɗauke da sunan ƙamusun da yawan kalmominsa. Sai su ukun sun zauna a jaka ɗaya kafin manhaja irin ColorDict ta gane su. Mai wutsiyar .bgl na Babylon ne, wanda aka yi yayinsa a kwamfuta shekarun baya. Masu .dsl da .lsd na Lingvo ne, na kamfanin ABBYY da ya taso daga Rasha. Mai .slob na Aard 2 ne, mai .zim kuma na Kiwix, wadda da ita ake karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da data ba. Wanda yake da kwamfuta, GoldenDict kyauta ce, kuma tana buɗe mafi yawan waɗannan.

Akwai kuma gadon tsofaffin wayoyi, wanda ya biyo memori daga hannu zuwa hannu. Mai .jar ƙamus ne haɗe da manhajarsa, an yi shi don wayoyi masu maɓalli irin Nokia ta da, mai .sis kuma don wayoyin Symbian. Android ba ta san su ba. Masu .jar ana iya tayar da su da wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar waya, J2ME Loader. Masu .prc da .mobi na Mobipocket ne, kamfanin Faransa da Amazon ta saya a 2005 ta rufe shafinsa a 2016.

Wani lokaci wutsiyar ma ta ɓace a hanya, an sauya wa fayil suna ya koma lambobi. Ko a nan ba a yanke ƙauna. A fara yin kwafinsa a ajiye gefe, sannan a buɗe kwafin da manhajar karanta rubutu zalla, a dubi haruffan farko-farko. Yawancin abin da zai bayyana shirme ne ga ido, amma fayiloli da dama suna faɗin asalinsu a farkonsu. Wanda ya fara da PK ƙunshi ne na zif, sai a kwance shi a ga abin da ke ciki. Wanda ya fara da %PDF littafi ne da kowace waya ke buɗewa da an mayar masa da wutsiyarsa. Wanda ya fara da SQLite rumbun bayanai ne da aka zaro daga cikin wata manhaja. Wanda aka ga BOOKMOBI kusa da farkonsa na Mobipocket ne.

Duk da wannan, dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce aka fi mantawa da ita. Wani dattijo mai karantarwa a zaure, wanda nake ɗaukar karatu a wajensa tun ina yaro, ya miƙo mini wayarsa wata rana bayan la'asar. Ya ce, "Ɗana, ga Lisanul Arab an turo mini, amma ya ƙi buɗuwa. Yara sun ce wayar ce ta tsufa." Na ce, "Allah gafarta Malam, shi wanda ya turo, da me yake karanta nasa?" Aka kira almajirin da ya turo, sai ga shi shi ma bai taɓa buɗe shi ba, turo masa aka yi ya tura gaba don neman lada. Da muka duba, wutsiyar .bok ce, wato littafin Maktabatus Shamila da aka yi don kwamfuta, wanda a cikinsa rumbun Microsoft Access ne. Wayar lafiyarta lau, littafin ma lafiyarsa lau. Ya ratsa hannaye da yawa ba wanda ya tsaya ya tambayi na gabansa, har aka kusa sa dattijo ya sayi sabuwar waya a banza. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambaya ɗaya tun farko da ta wadatar.

Gargaɗi ɗaya ba zan tsallake shi ba. In abin da aka turo maka da sunan ƙamus yana da wutsiyar .apk, to manhaja ce za ka girka a wayarka, kuma ba ka san wanda ya shirya ta ba. In ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka, ka tsaya nan. Ƙamus ba shi da wata hulɗa da saƙon da banki ke turo maka. Manoman shinkafa da dillalan kifi na wannan yanki yanzu ta waya ake biyan da yawansu, kuma wayar ce dai ɗansu ke ara ya sauke abin da ya ga dama.

Wannan duka magani ne na bayan ciwo ya kama. Abin da ya fi damuna shi ne makomar ƙamusun Hausa kansa. Muna da gado mai nauyi. J. F. Schön ya fitar da nasa a 1876, bayan ya sha Hausa daga bakin Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. C. H. Robinson ya biyo baya a ƙarshen wannan ƙarni. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, mai kalmomi sama da 39,000, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake bugawa a Zariya a 1993. R. C. Abraham da Malam Mai Kano sun fitar da nasu a 1949. Paul Newman da Roxana Ma Newman sun yi na zamani a 1977 tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, kuma ita wannan cibiya ce ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Mu mutanen nan muna da rabo na musamman a na Bargery, domin ya riƙa sa alama a gaban kalmomin da ya ji a ƙasar Haɗeja, kamar yadda ya yi wa na Katsina da Sakkwato da Gumel. Hausar kakanninmu tana nan a rubuce da sunan garinmu a gefenta.

To, malamin ƙauye a Guri ko Birniwa ko Kiri Kasamma, ta yaya wannan gado ke isa hannunsa? Littafin takarda ba ya samuwa a kusa, in ya samu kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinsa. Abin da ke isa gare shi shi ne abin da wani mai kishi, wanda ba a san ko wane ne ba, ya kwafe ya zuba a tsarin da ya iya, ba suna, ba shekara, ba bayanin daga wane littafi aka ɗebo. In an yi sa'a ya buɗu, sai wata matsalar ta taso. Kafin tsarin Unicode ya game duniya, masu buga Hausa a kwamfuta sukan yi amfani da wasu salon haruffa na musamman da suka ɗora ɓ da ɗ da ƙ a gurbin wasu alamomi. Wayar da ba ta da wannan salo sai ta nuna akwatuna ko alamar tambaya a wurinsu. Ƙamusun da ya rasa haruffa masu lanƙwasa ya rasa abin da ɗalibi ya zo nema, domin yawancin yaran da nake koyarwa a kan waɗannan haruffa suke tuntuɓe.

Kada a ɗauka wannan matsala ta talakawa ce kaɗai. A 1986 gidan BBC ya tattara bayanan rayuwar Birtaniya daga mutane kusan miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar ƙasa na Domesday na 1086. Aka zuba aikin a faifai na zamani mai buƙatar na'urarsa ta musamman. Kafin a shekara ashirin na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a 2002. Littafin fata na 1086 kuwa yana nan ana karanta shi. Saboda irin wannan darasi ne Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta Birtaniya take riƙe da rajista mai suna PRONOM, wadda aikinta shi ne tantance nau'o'in fayil da manhajojin da ke buɗe su. In ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru ta kusa yin wannan asara, me zai hana mu, da ajiyarmu ke cikin memori da laptop ɗin mutum ɗaya?

Kuma muna da abin asara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru ta sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu wuraren sun bushe, wasu kuma ambaliya ke cinye su, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022. In sana'a ta sauya, kalmominta ke fara tafiya. Ɗan masunci da ya koma acaba ba zai koya wa ɗansa bambancin koma da birgi da mali ba, ko sunayen kifi bayan tarwaɗa da karfasa da gaiwa, ko yadda ake kiran kowane irin ruwa da kowace irin ƙasa ta fadama. A ƙasar nan tamu harshe guda ya taɓa mutuwa ɗungurungum: Auyokawa sun yi nasu harshen, ɗan uwan Bade da Ngizim, yau ba mai jin sa. Maƙwabtanmu na Yobe sun yi dace, domin Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu sun tattara ƙamusoshin Bade da Ngizim da Bole da Karekare da Ngamo tun masu harshen suna raye. Ɗalibanmu ma suna fita ƙauyuka suna tattara kalmomin su da noma da kiwo don kundin digiri. In irin wannan aiki ya ƙare a fayil da ba a san mabuɗinsa ba, an yi wahalar banza, kuma tsohon da ya faɗi kalmomin ba zai dawo ya maimaita ba.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce ga intanet, ga Google da ya sa Hausa a manhajar fassararsa tun 2013, me za a yi da fayil? Wanda ya faɗi haka bai kwana a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis ba, bai kuma lissafa kuɗin data a albashin malamin firamare ba. Ban da haka, na'urar fassara amsa ɗaya take ba ka. Ba ta gaya maka jinsin kalma da jam'inta da karin sautinta da garin da ake faɗinta, kuma wannan shi ne aikin ƙamus. Shafin intanet kuma yana iya ɓacewa ranar da mai shi ya daina biyan kuɗinsa. Wasu za su ce PDF ya isa. Yana da amfani wajen ajiya, amma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo hoton shafuka ne kawai, ba a iya neman kalma a cikinsu, sai mutum ya yi ta jan shafi sama da dubu da yatsa a kan ƙaramar fuska.

Magana mai nauyi ita ce ta masu wallafa. Sun kashe shekaru da dukiya, kuma suna tsoron in suka saki ƙamus a buɗaɗɗen tsari za a kwafe shi a raba. Tsoronsu yana da tushe, ni ma ba na goyon bayan cin gumin wani, kuma fayil ɗin da mai shi ya sa wa kariya don a saya, saye ya kamata a yi. Amma a dubi abin da ke faruwa yanzu: ana kwafewa ɗin, sai dai kwafi mai kurakurai wanda ba ya ɗauke da sunan mai aikin. Jami'ar gwamnati kuwa da kuɗin jama'a ta yi aikinta. Tsofaffin ƙamusoshi irin na Schön da Robinson, waɗanda mawallafansu suka rasu fiye da shekara 70, doka ba ta hana kowa ya shirya su ya raba ba. Na Bargery, wanda ya rasu a 1966, sai an nemi izini, kuma jami'a ce ke da bakin nemansa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Jami'ar Bayero, wadda ita ce uwa a wannan fage, ta fitar da ƙamusunta na Hausa a sahihin bugu na waya mai aiki ba tare da data ba, ko kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, ta kuma ajiye asalin kalmomin a rubutu zalla na Unicode wanda kowace na'ura za ta iya karantawa ko bayan shekara hamsin. Daga irin wannan asali, manhaja kyauta irin PyGlossary tana juya ƙamus zuwa StarDict ko wani tsarin cikin ɗan lokaci. A shirya shi yadda wanda ya rubuta k zai ga har da kalmomin ƙ, tunda ba kowace waya ke da haruffanmu a allon rubutunta ba, kuma tsarin StarDict yana da gurbin yin haka. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda ke cikin masarautar Haɗeja, ta ɗauki nauyin kalmomin fadama: duk ɗalibin da ya tattara kalmomi ya miƙa su a jadawali mai sauƙi tare da kundinsa, a tara su wuri ɗaya. Ɗaliban kwamfuta na Kazaure da Dutse da nan Haɗeja, masu neman aikin kammala karatu, ga aiki nan mai amfani a ƙofar gidansu.

Masu turi kuma ina ganin girmansu a wannan lamari, domin a aikace su ne ɗakin karatun garin nan, wajensu jama'a ke zuwa. Ƙungiyarsu za ta iya zama da mai ilimin abin na yini guda su koyi waɗannan wutsiyoyi, su liƙa jerinsu a bangon shago, su kuma ɗauki ƙa'ida ɗaya: ba za a tura wa mutum ƙamus ba sai an buɗe shi a gabansa ya nemi kalma ya gani. Wanda ya yi haka zai ƙara samun masu ciniki, ya kuma samu lada.

Sauranmu kuwa, abin da ke kanmu bai fi ƙarfin kowa ba. Kada ka tura ƙamusun da kai ba ka buɗe ba. In ka tura, ka haɗa da dukkan fayilolinsa, ka rubuta sunan littafin da mawallafinsa da manhajar da ke buɗe shi, layi biyu sun isa. In an turo maka wanda ya ƙi buɗuwa, kada ka goge, ka dubi wutsiyarsa, ka tambayi wanda ya turo, ka kai wa wanda ya sani. Malaman Hausa 'yan uwana, mu sa wannan a cikin darasin amfani da ƙamus, domin yaran da ke gabanmu a waya za su nemi kalma, ko mun shirya musu ko ba mu shirya ba. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.